Tallafin Obamacare da kuɗin da IRS ta cire maka: tara ce ko bashi?

Wani mai karatu daga Houston, jihar Texas, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina tuƙin Uber, matata kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, muna da yara biyu a nan. Dukanmu muna da katin zama na dindindin. A 2025 mun shiga Obamacare, na ce za mu samu dala 45,000, ba mu biya ko sisi a wata ba. Allah Ya buɗa, muka tashi da 66,000. Da na je cika takardun haraji sai mai cikewa ya ce za a cire dala 1,600 da wani abu daga abin da za a mayar mana. Wannan tara ce? Me na yi? Ga shi bana, 2026, an ɗora mana kusan dala 130 a wata. Abokaina sun ce in fita kawai tunda an soke tara. Kuma ina tura wa mahaifiyata da ɗana na fari kuɗi gida kowane wata, ba za a rage mini wannan ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara buɗi. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku da mutanenmu ke yawan cakuɗawa: kuɗin da aka cire maka, tarar rashin inshora da abokanka ke magana a kai, da abin da gwamnati ke ƙirgawa a matsayin samunka. Cika wa mutane takardun haraji sana'ata ce, kuma duk shekara tsakanin Fabrairu da Afrilu nakan zauna da magidanta irinka da wannan damuwar. Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali: ba ka yi laifi ba, kuma ba tara aka ci ka ba. Tallafin biyan kuɗin inshorar lafiya da aka ba ka ne ya fi wanda ya kamace ka, aka karɓi rarar. Abin da zai ɗaga maka hankali kuma shi ne, in ka bar lissafinka yadda yake, na baɗi zai fi na bana zafi.

Yadda tallafin yake

Dokar inshorar lafiya da ake kira Obamacare Shugaba Obama ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris 2010, kasuwannin inshorar, wato shafukan gwamnati da ake sayen inshora a cikinsu, kuma suka fara aiki sosai a Janairu 2014. Wasu jihohi suna da tasu kasuwar, kamar New York da Kalifoniya da Maryland. Ku na Texas ta HealthCare.gov kuke shiga. Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne, tallafin nan a asalinsa rangwamen haraji ne, wanda ya kamata ka karɓa a ƙarshen shekara bayan an san ainihin abin da ka samu. Amma da yake talaka ba zai iya biyan kuɗin inshora na wata goma sha biyu daga aljihunsa yana jiran a mayar masa ba, sai doka ta yarda a ba ka shi kafin alƙalami. Gwamnati tana tura shi kai tsaye ga kamfanin inshora kowane wata, bisa ƙiyasin da kai da bakinka ka bayar. Kamar manomi ne da ya karɓi taki da damina a kan zai yi buhu kaza, sai kaka ta yi a zauna a yi awo.

Awon nan ana yin sa da takardu biyu. A ƙarshen Janairu kasuwa takan aiko maka da fom 1095-A. In ka buɗe shafinsa za ka ga jerin watanni, gaban kowane wata akwai layi uku: kuɗin inshorar da ka zaɓa, kuɗin tsarin da ake auna tallafi da shi, da abin da gwamnati ta riga ta biya a madadinka. Layi na uku shi ne bashin da ke wuyanka har sai an tabbatar ka cancance shi. Daga nan sai a kwashe lambobin a zuba a fom 8962, a haɗa da ainihin samunka. In an ba ka ƙasa da haƙƙinka, IRS, wato hukumar harajin Amurka, ta ciko maka. In an ba ka sama, ka mayar.

Shi kuwa haƙƙin naka, ga yadda ake fitar da shi. Ana ɗaukar samun gidanka na shekara a raba da ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa duk shekara. Na inshorar 2025, ma'aunin gida mai mutum huɗu dala 31,200 ne. Na 2026 kuma 32,150, mutum guda 15,650, kowane ƙarin mutum 5,500. Abin da ya fito shi zai nuna kason samunka da doka ta ce kai za ka biya. Sauran kuɗin, har ya kai farashin tsarin awo, wato na biyu a araha a yankinku cikin tsare-tsaren matsakaicin mataki da ake kira Silver, gwamnati ce za ta cike.

Mu ɗauki naka. Dala 45,000 a kan 31,200 kashi 144 cikin ɗari ne na ma'aunin. A 2025 duk wanda bai wuce kashi 150 ba, kasonsa sifili ne, shi ya sa ba ku biya komai ba. Da kuka tashi da 66,000 kun hau kashi 211, inda kasonku ya zama kashi 2.44 na samunku, wato dala 1,610. Ka ga ta yi daidai da abin da mai cika maka takarda ya faɗa. Bai cuce ka ba.

Abin da ya canza a 2026

Sifilin nan da kuka ji daɗinsa ba ya cikin dokar asali. A 2021, lokacin annobar korona, majalisa ta ƙara tallafin, a 2022 kuma ta tsawaita ƙarin zuwa ƙarshen 2025. A ƙarƙashinsa babu wanda zai biya fiye da kashi 8.5 na samunsa a tsarin awo, komai yawan abin da yake samu. Rigimar tsawaita shi ce ta kai ga rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya a Oktoba da Nuwamba 2025, kuma shekarar ta ƙare ba a tsawaita ba. Saboda haka aka koma tsohon tsari: kason mutum yana farawa daga kashi 2.10, yana hawa har 9.96, tallafi kuma yana tsayawa cak a kashi 400 na ma'aunin talauci.

Dala 130 da ka ga an ɗora maka ta nuna mini cewa har yanzu kasuwa tana riƙe da tsohon ƙiyasinka na 45,000. A kan ma'aunin bana wannan kashi 139 ne, kasonka kusan kashi 3.5, wajen dala 1,580 a shekara. To in bana ma kuka samu 66,000, kun hau kashi 205, kasonku kusan kashi 6.8, wajen dala 4,470 a shekara, ko 370 da ɗoriya a wata. Bambancin, kusan dala 2,900, shi zai jira ka a takardun harajin baɗi.

Ga kuma abin da ya fi damuna, domin mutane da yawa ba su ji labarinsa ba. Har zuwa harajin 2025 akwai iyaka ga abin da za a ce ka mayar. Ma'aurata da ba su kai kashi 200 ba, ba za su mayar da fiye da dala 750 ba. Daga 200 zuwa 300 iyakar 1,950 ce, daga 300 zuwa 400 kuma 3,250, wanda ke cika takarda a matsayin marar aure iyakarsa rabin haka ce. Dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta share waɗannan iyakoki daga shekarar 2026. Yanzu duk abin da aka ba ka fiye da haƙƙinka za ka mayar, kobo ba zai yi ciwon kai ba. A ganina wannan canji ya fi faɗawa kan masu sana'ar hannu irinka, waɗanda ba su da albashi tsayayye, su ne kuma ba su da yadda za su san a Nuwamba abin da za su samu a Agustan shekara mai zuwa. Mai albashi ya san lissafinsa. Direba bai sani ba.

Waɗanda ke kusa da kashi 400 su ne a bakin rami. Na 2026, layin dala 62,600 ne ga mutum guda, 84,600 ga mutum biyu, 128,600 ga huɗu. A yawancin jihohi kamfani yana iya cajin dattijo ninki uku na matashi. A ce miji da mata masu shekara 60 tsarin awonsu dala 2,000 ne a wata, suna samun 84,000. Tallafinsu zai wuce dala 15,000 a shekara. In wani ɗan aiki a watan Disamba ya kai su 85,000, duka za su mayar. Ku ba ku kusa da nan tukuna, amma ka sanar da duk dattijon da ka san yana wannan gaɓa.

Akwai sassauci ɗaya da ba a taɓa ba. Wanda bai wuce kashi 250 ba kuma ya zaɓi tsarin Silver, ana rage masa abin da zai biya a asibiti da kantin magani. Wanda bai wuce kashi 150 ba, tsarinsa kan ɗauki kusan kashi 94 na kuɗin jinya, maimakon 70 na Silver ɗin kowa. Wannan rangwamen ba a mayar da shi a ƙarshen shekara. Don haka sauƙin da kuka samu a asibiti bara naku ne.

Me ake ƙirgawa, wa ake ƙirgawa

Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, kuma nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. Kuɗin da kake tura wa mahaifiya da ɗanka ba a rage shi daga samunka. A wurin IRS kyauta ce ka yi da kuɗinka bayan ka same shi. Na san yadda wannan ke ƙona rai, domin wanda ke ciyar da mutum takwas ana auna shi da ma'aunin mutum huɗu. Kuma ba za ka iya saka su cikin waɗanda kake ɗauke da nauyinsu a takarda ba, domin doka ta ce sai mutum ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Uwa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ta shiga, ko da kai kaɗai ke riƙe da ita. Ɗanka na fari ma haka, sai in shi ɗan ƙasar Amurka ne. Duk mai cika takarda da ya ce maka zai san yadda zai yi ya saka su, tashi ka bar ofishinsa, domin sa hannunka ne a ƙasan takardar.

Zakka da sadakar da kake bayarwa a masallaci, ko da masallacin yana da rajista, suna iya rage harajinka amma ba sa rage lambar da ake auna tallafi da ita. Lambar nan, wadda suke kira MAGI, ana fitar da ita tun kafin a zo wurin rangwamen sadaka. Haka ma sabon rangwamen da aka yi wa kuɗin tukuici da na aikin ƙarin lokaci: yana rage haraji, ba ya taɓa lissafin inshora. Kuɗin adashi in zagaye ya zo kanka ba samu ba ne, naka ne ya dawo. Kyautar da wani ya yi maka ma ba samu ba ce. Amma in kana da gidan haya a gida Najeriya ko Nijar, kuɗin hayar yana shiga, domin mai katin zama na dindindin ana lissafa masa abin da ya samu ko'ina a duniya.

Sai babbar magana gare ka a matsayin direba. Abin da ake ƙirgawa riba ce, ba jimillar abin da ya shigo ba. Takardar 1099 da Uber ke bayarwa tana nuna duk abin da fasinja ya biya, har da kason kamfani da bai taɓa shiga hannunka ba. Dole a cire wannan kason, a cire kuɗin mil, a cire kuɗin gada da na wayar da kake aiki da ita. A 2025 IRS ta yarda a cire santi 70 a kowane mil na aiki. Direban da ya yi mil 30,000 zai cire dala 21,000 ke nan. Sannan rabin harajin mai zaman kansa, wanda yake kashi 15.3, shi ma ana cirewa, haka kuɗin inshorar da ka biya daga aljihunka. Na sha ganin direba ya zo da takardar da wani ya cika masa a gaggauce, babu lissafin mil ko ɗaya, domin bai ajiye ba. Idan muka buɗe manhajar muka kwaso tarihin tafiye-tafiyensa, muka haɗa da rasit ɗin canjin mai da ke nuna lambar mil ɗin motar a kowane lokaci, sai ka ga samun ya sauko da dubbai, bashin tallafin ma ya ragu ko ya ɓace. Don haka abu na farko da za ka yi shi ne ka tambayi mai cika maka takarda: 66,000 ɗin nan bayan an cire mil ne ko kafin a cire? In kafin ne, akwai gyara, kuma ana iya gyara takardar da aka riga aka tura da fom 1040-X.

Bari in ɗan ratse saboda wasu masu karatu da halinsu ya bambanta da naka, wato waɗanda iyalinsu ke gida. Doka ta ce mai aure ba ya samun tallafin nan sai ya cika haraji tare da matarsa a takarda ɗaya. Wanda matarsa ke Zariya ko Damagaram, ya cika nasa daban, IRS za ta ce bai cancanci tallafi ba tun farko, ya mayar. Mafita ita ce ya zaɓi a ɗauki matar a matsayin mazauniya don lissafin haraji, a nema mata lambar biyan haraji ta ITIN da fom W-7, su cika tare, abin da take samu a can kuma ya shiga lissafi. Akwai togiya ga wanda ɗansa ke zaune tare da shi a nan kuma bai zauna da matar ba a wata shida na ƙarshen shekara, da kuma wanda aka ci zarafinsa ko aka guje shi. Wasu kan rubuta cewa ba su da aure don su huta. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin takardun harajin nan su ne za ka miƙa ranar da za ka nema wa matar taka biza ko ka nemi zama ɗan ƙasa.

Tarar da abokanka ke magana a kai

Gaskiyarsu, amma rabi. A da akwai tarar tarayya ga wanda ya zauna ba inshora. Ta fara da dala 95 ko kashi 1 na samu a 2014, ta kai 695 ko kashi 2.5 a 2016. Dokar haraji ta Disamba 2017 ta mayar da ita sifili daga 2019. A Texas babu wata tara, don haka in ka fita ba wanda zai caje ka. Amma Massachusetts da New Jersey da Kalifoniya da Rhode Island da birnin Washington sun kafa tasu, ana cire ta a harajin jiha. A New Jersey mafi ƙaranci ga babba dala 695 ne. Wanda ya ji labarin an soke daga bakin ɗan'uwansa na Houston alhali shi yana Newark, zai sha mamaki.

Sai dai fita ba ta goge abin da ya wuce. Tallafin watannin da ka riga ka ci a 2026 sai an yi masa awo baɗi. Kuma in ka bar biya da kanka, ba za ka iya komawa ba sai an buɗe rajista ranar 1 ga Nuwamba, inshorar ta fara a Janairu. Ƙofar musamman ta kwana 60 ana buɗe ta ne ga wanda aka yi wa haihuwa, ko ya yi aure, ko ya rasa inshorar wurin aiki, ba ga wanda ya daina biya ba.

Shawarata kada ka fita. Mutumin da ke yini a kan titunan Houston, matarsa kuma tana ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, ba shi ne zai zauna haka ba. Gaskiya ne dokar 1986 ta hana sashen gaggawa na asibiti korar marar lafiya saboda ba shi da kuɗi, amma ba ta hana su aiko da takardar kuɗi bayan haka ba, kuma ba ta shafi maganin hawan jini ko ciwon sukari na yau da kullum ba. In 370 a wata ta yi maka nauyi, tsarin Bronze ya fi araha, tallafinka kuma ba ya raguwa don ka zaɓe shi, sai dai abin da za ka fara biya kafin inshora ta sa hannu yana da yawa. Canza tsari a tsakiyar shekara ba kullum ake yarda ba, amma in gyaran samunka ya canza matakin rangwamenka ka tambaya ko ƙofa ta buɗe maka.

Akwai wasu tarori na gaske da ya kamata ka sani. Wanda ya ƙi cika haraji don tsoron bashin, ana ɗora masa kashi 5 na abin da ake binsa kowane wata har kashi 25, alhali wanda ya cika bai biya ba rabin kashi ɗaya ne kawai a wata. Saboda haka ko ba kuɗi a hannu, a cika a kan lokaci, a nemi biya kaɗan-kaɗan, IRS tana yarda. Wanda ya karɓi tallafi bai haɗa fom 8962 ba, kwamfuta za ta dawo masa da takardarsa, in ya ci gaba da ƙi kuma za a yanke masa tallafin gaba. Wanda kuma ya faɗi ƙarya da gangan a rajista, dokar ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 250,000, ta sakaci kuma 25,000. Kuskuren ƙiyasi irin naka ba ya cikin wannan. Na ambace shi ne saboda dillalan inshora da ke kiran mutane a waya suna cewa kyauta ce, su rubuta wa mutum samun da bai faɗa ba don su ci kamasho. Kada ka ba kowa lambar Social Security ɗinka a waya, kuma ka shiga asusunka da kanka ka ga lambar da aka rubuta.

Abin da za ka yi yanzu

Ka shiga HealthCare.gov a makon nan, ka je wurin sanar da canji, ka sa sabon ƙiyasi. Doka ta ce a sanar cikin kwana 30 da canjin. Yadda nake yi wa direbobi shi ne, mu ɗauki ribar bara bayan an cire komai, mu duba watannin da suka wuce na bana, mu ɗan ɗaga lambar sama kaɗan. Ɗagawar ba asara ba ce, domin in ka samu ƙasa da haka IRS za ta ciko maka. Za ka ma iya cewa a ba ka wani ɓangare na tallafin kawai a wata, sauran ka karɓa a ƙarshe. Tunda an riga an biya maka fiye da kima a watannin farko, wannan ce hanyar rage bashin. Ka sake duba lissafin a Yuli, sannan a Oktoba.

Ka lura da yaran. A kan 45,000, mai yiwuwa suna ƙarƙashin inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wato Medicaid na yara ko CHIP, wanda a Texas yake tsayawa a wajen kashi 200 na ma'aunin. A kan 66,000 kuna bakin layin, don haka gyaran na iya mayar da su cikin tsarinku. In hakan ta faru kasonku ba ya ƙaruwa, tallafin ne zai ƙaru ya rufe su.

In kana da ɗan abin ajiyewa, asusun fansho na IRA irin na gargajiya yana rage lambar da ake aunawa. Iyakarsa a 2025 dala 7,000 ce ga kowane mutum, 8,000 ga wanda ya kai 50, kuma ana iya zubawa har 15 ga Afrilu a lissafa a shekarar da ta wuce. Wannan ya sa ya zama makamin ƙarshe ga wanda ya ga ya ɗan haura layi. Masu gudun riba kada su ji tsoro, akwai asusun saka jari a Amurka masu bin ƙa'idar Musulunci da ake iya sa kuɗin a ciki. Daga 2026 kuma masu tsarin Bronze suna iya buɗe asusun ajiyar lafiya na HSA, shi ma yana ragewa. In matarka ta samu tayin inshora daga kamfanin da take wa aiki, ku kawo takardar a duba, domin in kuɗinta bai wuce kashi 9.96 na samun gidanku ba, ita ta fita daga tallafi ko ba ta karɓa ba.

Ta ɓangaren ƙasa ma akwai rami, kuma a Texas ya fi zurfi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 kowace jiha ta samu zaɓi ko ta faɗaɗa Medicaid zuwa kashi 138 ko a'a. Jihohi 40 da birnin Washington sun yi, goma ba su yi ba, ciki har da Texas da Florida da Jojiya. A can, babban da bai kai kashi 100 ba sau da yawa ba shi da Medicaid kuma ba shi da tallafi. Shi ya sa direban da ya zabga cire-cire har ribarsa ta koma kamar ba komai yake iya jefa kansa waje. In ƙiyasinka na gaskiya ya kai kashi 100 aka ba ka tallafi, sai shekara ta yi tsanani ka faɗo ƙasa, doka ba ta ce ka mayar ba. Baƙi masu takarda da ke ƙasa da kashi 100 kuma ba su cika shekara biyar da baƙo ke jira kafin ya samu Medicaid ba, a da ana ba su tallafi, daga 2026 an daina. Daga 2027 kuma tallafin zai taƙaita ga 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin da wasu rukunoni kaɗan, masu mafaka da ɗalibai za su fita. Ku wannan bai shafe ku ba, amma ya shafi da yawa daga cikin waɗanda kuke salla tare.

Duk lissafin da na yi a kan lambobin da ka ba ni ne, ban ga takardunka ba, kuma ɗan bambanci a layi na biyu na fom 1095-A yana iya canza sakamako. Maganar biza da zama ɗan ƙasa ta lauyan shige da fice ce, ba ta mai cika haraji ba. Ka ɗauki 1095-A ɗinka, da takardun 1099, da takardar albashi ta W-2 ta matarka, da lissafin mil, ka kai wa wanda zai zauna da kai ya nuna maka layi-layi. Cibiyoyin taimakon cika haraji na VITA suna yi wa masu ƙaramin ƙarfi wannan kyauta a lokacin haraji, masu taimakon rajista da aka horar kuma akwai jerinsu a HealthCare.gov, su ma ba sa karɓar kuɗi. Allah Ya ba mahaifiya lafiya, Ya raya yaran.